Abin da Mai Keke Yake Gani a Hanyar Savelugu

Akwai wani dattijo a Zangon Tamale wanda ya yi shekara 27 yana hawan keke guda. Baƙin keke ne, Phoenix, irin wanda ake kawowa daga ƙasar Sin, mai sanda a tsakiya da kariya mai faɗi a baya. In za a bi gaskiya, ba abin da ya rage na asali a jikinsa sai ƙarfen tsakiya da ƙararrawa. An sake taya ba iyaka, an sake sarƙa da feda da birki, sirdin ma an naɗe shi da tsohon zanen matarsa. Duk da haka, in ka ce masa ai wannan ya zama wani keke dabam, sai ya ɓata rai.

Sana'arsa sayen zabi da ƙwai a kasuwannin ƙauye, ya kawo cikin gari ya sayar. Kasuwannin ƙasar Dagomba kuwa bayan kwana 6 suke ci, saboda haka ranar kasuwa tana zagayawa, wannan mako Talata, mako mai zuwa Litinin. In ta faɗo ranar Lahadi, sai an tashi sujada yake kama hanya, ya je ya tarar da abin da 'yan sammako suka rage. Sauran ranaku tun da duhu yake fita, ya bi ta gefen gadar sama da aka buɗe a 2022, ya miƙe hanyar Bolgatanga zuwa Savelugu, wajen kilomita 25. Tamale gari ne da ya san darajar keke, gama an ware wa kekuna tasu hanya a gefen manyan tituna, abin da ba a cika gani a Accra ko Kumasi ba. Sai dai yanzu babura da kekuna masu ƙafa uku da ake ce wa yalo-yalo sun cika ko'ina, har mai keke ya koma kamar baƙo a gidan ubansa.

Ɗansa da yake aiki a Kumasi ya sha cewa zai saya masa babur. Ya ƙi. Dalilin da yake faɗa wa ɗan shi ne kuɗin mai, amma wanda yake faɗa wa abokansa shi ne gaisuwa. Ya ce mai keke in ya wuce mace da tulu a kai zai ce mata "Dasiba," ta amsa "Naa," har ya ji amsar kafin ya yi nisa. Mai babur kuwa ƙura kaɗai yake bar mata. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, kuma mai tafiya sannu yakan ga abin da mai sauri ya tsallake.

Abu na fari da ya daɗe yana gani shi ne leda. Baƙar leda ta kasuwa da farar leda ta ruwan sha, da rani suna rataye a jikin ƙaya, da damina su toshe kwata har ruwa ya shiga gidaje. Shekaru yana ganinsu bai ɗauke su a bakin kome ba, shi kansa in ya sha ruwa a kan keke sai ya jefar ta bayan kafaɗa. Ana nan sai akuyarsa, wadda ta haifa masa tagwaye sau 3, ta fara ramewa, cikinta kuwa a kumbure kamar mai ciki. Aka ba ta kanwa, aka ba ta dusa, ba ta ci. Da ya ga za ta mutu a banza, ya kira mahauci. Sa'ad da aka farka tumbin, sai ga dunƙulen leda a murɗe kamar igiya, girmansa ya kai kan jariri. Mahaucin bai ko yi mamaki ba. Ya ce, "Baba, ai wannan kullum muna gani, har a cikin shanu." Akuya tana jin ƙanshin waken da aka ƙulle a leda, sai ta haɗiye duka, tumbi kuwa ba ya iya narkar da ita. Tun daga ranar ya rataya wani tsohon buhu a kan keken, duk ledar da ya sha ruwanta a ciki yake sawa. Ya san buhu ɗaya ba zai share hanyar Savelugu ba. Ya dai ce hannunsa ba zai ƙara kashe akuyar wani ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka mutumin nan ba shi da nasa laifi. Shekara da shekaru yadda yake ɗauko zabi shi ne ya ɗaure ƙafafunsu, ya rataye su a kan keken hagu da dama, kawunansu a ƙasa, cikin zafin watan Maris. Haka ya ga kowa yana yi. Wata rana jikarsa, yarinya 'yar shekara 7, ta tarye shi a ƙofar gida, ta dubi wata zabuwa da bakinta yake buɗe, ta ce, "Kaka, in an rataye ka haka daga Savelugu za ka kai gida?" Ya yi dariya ya kore ta. Amma da dare maganar ta hana shi barci, domin ya san sau da yawa yakan iso da ɗaya ko biyu a mace, ya ce ƙaddara ce. Kasuwar da ta biyo baya ya sayi akurki na kara, ya ɗaure a kariya, ya rufa tsumma mai jiƙe a sama. Akurkin yana ɗaukar zabi kaɗan, ribar kowace tafiya ta ragu, matarsa ta yi ta mita har wata biyu.

Maganar jakuna ita ce ta fi daɗewa a ransa.

Wata ranar kasuwa ya tarar da wani saurayi, ma'aikacin wata ƙungiyar taimakon dabbobi, a ƙarƙashin darbejiya, jakuna sun yi layi a gabansa. Yana wanke musu gyambon da igiya ta yi a wuya da gadon baya, yana nuna wa yara masu amalanke yadda za su sa tsumma a ƙarƙashin ɗauri. Dattijon ya jingine kekensa ya tsaya kallo, da ya ji kuma kyauta ake yi, sai ya tambayi wanda yake biya. Saurayin ya ce mutane ne a ƙasashen waje suke tara kuɗi domin jakuna da dawakai. Ya ba shi labarin wata Baturiya, Dorothy Brooke, wadda ta iske tsofaffin dawakan yaƙi suna wahala a titunan Alƙahira, ta kafa musu asibiti a 1934, har yau ƙungiyar tana nan da sunanta. Ya ce akwai kuma wata a Ingila, The Donkey Sanctuary, wadda Elisabeth Svendsen ta fara a 1969, aikinta jakuna.

Dattijon ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Yaro, a unguwarmu akwai marayun da ba su da takalmi. Jaki ne zai sami likita?" Saurayin bai yi gardama ba, ya ce, "Gaskiya ne, Baba," ya ci gaba da wanke gyambo. A hanyar komawa gida dattijon yana ta maimaita maganarsa a zuci, yana jin daɗin yadda ta fito. Kuma ba maganar banza ba ce. Wanda ya taɓa tsayawa a layin asibiti da yaro mai zazzaɓi yana da ikon yin wannan tambaya.

To, a wani ƙauye da yake yada zango ya sha ruwa akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya 4, wadda mijinta ya mutu ya bar mata jaka ɗaya da amalanke. Da jakar nan take ɗebo ruwa daga dam ta sayar wa masu gini, da ita take kwaso 'ya'yan kaɗanya da damina, da ita take kai itace bakin titi. Wata safiya cikin hunturu ya iso ya tarar da mutane a ƙofar gidanta kamar an yi mutuwa. An kwance jakar da dare. Da rana ta yi, yara masu kiwo suka same ta a daji, an feɗe fatar an tafi da ita, an bar naman wa ƙuda.

A nan ne ya fara jin labarin fata. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kauri da suke kira ejiao, ana sha a matsayin maganin ƙarin jini. Jakunan can sun ragu ƙwarai, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Jaka kuwa takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, don haka ba yadda haihuwa za ta cim ma wuƙa. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna da fatunsu tun 2016. A Walewale, arewa da Savelugu a kan hanyar nan tasa, an yi mayanka ta jakuna domin wannan ciniki, a 2017 kuma hukumar likitocin dabbobi ta Ghana ta ba da umarni a daina yanka su saboda fata. Amma umarni a takarda dabam, abin da ake yi a daji da tsakar dare dabam. The Donkey Sanctuary ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 kowace shekara a duniya domin wannan magani. A watan Fabrairu na shekarar, shugabannin Tarayyar Afirka da suka taru a Addis Ababa suka amince a hana yanka jaki don fata a dukan nahiyar. Ƙungiyoyin nan da ya yi wa dariya suna cikin waɗanda suka yi ta matsawa har aka kai ga haka.

Gwauruwar ba ta iya sayen wata jaka ba, gama kuɗin jaki ya tashi fiye da abin da take tarawa a shekara. Ruwa ya koma kan mutum. Babbar 'yarta, wadda take aji 6 a firamare, ta daina zuwa makaranta domin ta taya uwar ɗauka. Da dattijon ya ga yarinyar da jarka a kai a lokacin da tsararrakinta suke aji, sai ya tuna da tambayarsa ta ƙarƙashin darbejiya, kunya ta kama shi. Bai janye maganar marayu ba, har yanzu yana cewa mutum ne gaba. Abin da ya daina shi ne raba su biyu, domin ya ga da idonsa cewa makarantar yarinyar nan a gadon bayan jaka take tafe.

Maganar itatuwa bai cika son a daɗe a kanta ba, don ya san akwai hannunsa a ciki. A dā daga Tamale zuwa Savelugu yana da inuwa 5 da yake tsayawa ya huta, kaɗanya 3, ɗorawa ɗaya, da wata tsohuwar kuka. Yanzu saura kukar da kaɗanya ɗaya. Gidaje sun ci wasu, gawayi ya ci wasu, wutar dajin da masu farautar gafiya suke sawa da hunturu tana cinye ƙananan kafin su yi tsawon mutum. Matarsa kuwa da gawayi take dafa tuwo, a kan kariyar keken nan ake kawo buhun. Ran 11 ga Yuni 2021, sa'ad da gwamnati ta yi ranar dashen itatuwa da niyyar dasa miliyan 5 a ƙasar, ya karɓo 'ya'yan mangwaro 2 ya dasa a bayan gida. Awakin maƙwabci suka cinye ɗaya. Ɗayan ya kewaye shi da tsofaffin tayoyin keken, ya rayu, bara ya fara 'ya'ya.

Yanzu ranar kasuwar Savelugu yakan fita da rabin sa'a kafin lokacinsa na dā. In ya isa ƙauyen gwauruwar sai ya kwance akurkin ya ajiye a inuwa, ya ɗaura jarka 2 a kariya, ya yi sawu biyu zuwa dam. Gwiwarsa ta hagu ba ta son hawan nan na dawowa, yakan sauka ya tura. Gwauruwar takan ce, "Baba, kasuwa za ta watse," shi kuwa ya ce zabi ba sa gudu. Yarinyar ta koma makaranta, amma kwana 3 kaɗai take zuwa a mako, an kuma maimaita mata ajin.