Daga Yawuri Zuwa Argungu da Jirgi a Bayan Mota

Jirgin da ke tsaga Kogin Kwara a Yawuri, idan ya hau kwalta sai yadda aka yi da shi. Namu babba ne mai inji, kuma Argungu za mu kai shi, garin bikin kamun kifi. Hanyar ta bi Koko da Jega da Birnin Kebbi, tafiyar sama da kilomita 200.

Tun jajibirin tafiya muka kwarfe ruwan cikinsa, muka cire injin muka sa a mota. Da muka ɗora shi kan tirela, mun tabbatar nauyinsa ya ɗan rinjaya gaba, domin idan ya koma baya tirela takan yi ta lilo har ta kifar da motar da ke janta.

Abin da ya fi cin lokacinmu boris ɗin tayoyi ne. Tirelar jirgi tana yawan shiga ruwa, ruwa kuwa yana lalata giris. Boris ya bushe, ya ɗau zafi, taya ta fice ana tsakar gudu, ga 'yan acaɓa a gefen titi! Mun cika su da sabon giris, mun ƙulla igiyoyi da sarƙa. A Koko za mu fara tsayawa mu taɓa mu ji ko sun yi zafi.