Unguwar Bako A Yola: Inda Ake Tayar Da Tsohuwar Land Rover A Gida

Duk baƙon da ya nufi Yola ya kamata ya sani garuruwa biyu ne ke amsa wannan suna. Akwai Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda babbar kasuwa da tashoshin mota da yawancin ofisoshin gwamnati suke. Akwai kuma Yola ta asali, ƴan mil kaɗan daga nan, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma a nan fadar Lamiɗo take. Unguwar Bako tana cikin wannan tsohon gari, inda Fillanci da Hausa ke tafiya tare a bakin yaro da babba.

Tun fil azal isa ƙasar Adamawa sai mai haƙuri. A bisa doki Bature Barth ya iso Yola a 1851, Lamiɗo Lawal kuwa bai bar shi ya yi kwanaki da yawa ba. Bayan Turawa sun ci garin a 1901, jiragen ruwa ne ke kawo kaya Jimeta, su ma sai da damina in kogi ya cika. Da mota ta zo, sai aka tarar hanyoyin kudu, wajen Jada da Ganye da Toungo, da na tsaunin Mambila, ba kowace mota ke iya bin su ba. A nan ne Land Rover, wadda mutanenmu ke kira Landiroba, ta yi suna. Da ita Di'o ke rangadi, da ita ma'aikatan dabbobi ke bin rugage da allurar shanu, ita ce kuma ke ɗauko majinyaci daga ƙauyen da babu asibiti.

A Ingila aka fara ƙera wannan mota, a garin Solihull, aka nuna ta ga duniya a Amsterdam ran 30 ga Afrilu 1948. Lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe ya yi wuya, saboda haka aka yi jikinta da alminiyam. Abin da aka yi don rashi sai ya zama alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, aka ci gaba da yin sa har 1985. A nan gida ma kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Badun. Ƙanwarsu Defender mai irin wannan siffa an daina ƙera ta a Janairun 2016.

Wata irin wannan mota ce ta kai ni Bako. Mai ita dattijo ne, tsohon direba da ya yi aiki tun zamanin Jihar Gongola, watau kafin a raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba, a 1991. Motar doguwa ce, irin mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, samfuri na uku. Na same ta a fili gaban zaure, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, an ɗora ta a kan bulo, an tuɓe mata jiki an jingine shi da katanga. Shi da ɗansa ke aikin, sai wani bakanike da ke zuwa daga Jimeta in abin ya kai ga buɗe inji.

Tsarin aikin nasu abin koyi ne. Ba su fara da fenti ba, kamar yadda masu gaggawa kan yi don a yaba. Daga shasi suka fara, watau ƙarfen nan mai kama da tsani wanda ke ɗauke da motar duka. Shi ne babban abin da ke ruɓewa, domin taɓon da ake kwasowa a mashigin rafi yakan maƙale a cikinsa ya riƙe danshi. Dattijon ya bi shi da ƙaramar guduma taku-taku, inda ya ji ƙara mai kyau ya wuce, inda ya ji ta dushe ya sa alli, mai walda ya zo ya yanke ya yi faci. Daga nan suka koma kan sifirin, suka warware faifansa ɗaya-ɗaya suka kankare suka shafa giris. Sa'an nan birki, domin mai niyyar gangaren dutse ba ya wasa da birki.

Injin mai silinda huɗu ne, girmansa lita biyu da kwata. Ba shi da gudu, amma ba shi da wani ɓoyayyen abu, babu kwamfuta a cikinsa, duk ciwonsa ana iya gano shi da kunne da ido da sifana. Abin da suka fi ba hankali shi ne lagireto, gama a Yola zafin Maris da Afrilu yakan haye digiri 40, motar da ba ta sanyaya kanta kuwa ba za ta hau tudu da kaya ba. Ya nuna mini sandunan nan biyu da ke kusa da giya, mai jan kai da mai rawayan kai. In an danna mai rawaya, ƙafafu huɗu duka su ɗauki aiki. In an ja mai ja baya, motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta hau inda jaki zai tsaya ya yi tunani. Ya kuma koya mini hanyar ƙiyasta shekarun irin waɗannan motoci: a duba sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, don haka wadda aka samu da sitiyari a dama, galibi ta riga wannan rana shigowa.

Babbar wahala ita ce kayan gyara. Wani abin sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani Fanteka a Kaduna, wani kuma sai Ladipo a Ikko. Wani lokaci dole a sayi matacciyar mota guda don a ciri abu biyu ko uku. To, ga inda gizo ke saƙar: matattun nan suna ƙarewa. Alminiyam ɗin da ya raya motar shekaru aru-aru shi ne yau ke jawo mata ajali, domin ƴan jari-bola suna sayen jikinta a kan sikeli, a narkar a zuba tukwane. Kowace aka sare, an rasa kayan da za su tayar da wasu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sha'awa ce kawai ta masu tara kayan tarihi, kamar yadda ake yi a Turai, inda irin wannan mota in an gyara ta takan yi tsada ƙwarai. A wannan yanki har yanzu abar aiki ce. Wanda ya bi ta Bali da Serti ya hau tsaunin Mambila daga Mayo-Selbe zuwa Gembu zai ga tsofaffin Landiroba suna jigilar mutane da buhuna zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Haka kuma mai son ya ga tsaunukan Alantika inda Koma suke, ko ya shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, to, da damina sai mota mai jan ƙafa huɗu. Sabuwa irin wannan kuwa ta fi ƙarfin manomi da ɗan tireda. Abin da zai iya shi ne tsohuwa wadda za a gyara a gindin bishiya.

Abu na biyu da ke neman ɓacewa shi ne sani. Waɗanda suka koyi wannan inji a garejin En'e da na Ma'aikatar Ayyuka sun manyanta, samari kuwa sun karkata ga babur da Keke Napep, inda ake samun na cefane a yini. Ba za a zarge su ba, kowa ya san halin da ake ciki. Amma in aka bari dattawan nan suka wuce da abin da ke kansu, za a wayi gari ga mota ga kaya, babu mai haɗa su.

Saboda haka muna kira ga makarantun koyon sana'a na Adamawa da Taraba, da sashen injiniya na Jami'ar Modibbo Adama, su nemi irin waɗannan motoci da ke kwance a bayan ofisoshi, su sa ɗalibai su warware su su mayar, a gayyato tsofaffin kanikawa su tsaya a kansu. Ba a samun injin da ya fi wannan sauƙin koyarwa. Wanda kuma ya gaji ɗaya a gidansu, kafin ya kira mai sikeli, ya nemi mai guduma ya ƙwanƙwasa masa shasi tukuna. In ƙarfen ya amsa, motar tana da sauran tafiya, kuma akwai mutane a kan tsaunuka da ke jiran ta. Allah ya sa mu gane amfanin abin da ke hannunmu.