Guzurin Mai Hawan Dutsen Ƙanƙara

A tsakiyar ƙasashen Turai akwai waɗansu duwatsu masu tsawon gaske da a ke kira Alps. Sun ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, har da waɗansu ƙasashe na kusa da su. Wanda ya fi duka tsawo sunansa Mont Blanc, watau Farin Dutse, tsayinsa ya ɗara mita 4,800. In hunturu ya kankama, tun daga watan Disamba har zuwa Afrilu, sai dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsun nan fari fat, sai ka ce an baza auduga. Ita dusar nan ba irin ƙanƙarar da kan zubo da ruwan bazara ba ce, mai kama da tsakuwa. Laushi gare ta kamar gari, amma in an tattaka ta sai ta daskare ta yi santsi.

A kanta ne mutanen ƙasar ke yin wasan zamiya. Mutum ya ɗaura waɗansu dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga kan dutse har gindinsa. Don kada hawa ya ƙare wa mutane ƙarfi, an kafa manyan turaku an ja waya a kansu, an rataya kujeru da ƙananan akwatuna, inji na jan su sama. A garin Chamonix da ke gindin Farin Dutse aka yi gasar Olimfik ta hunturu ta farko, cikin 1924, kuma tun daga lokacin sunan wasan sai ƙara bazuwa ya ke yi.

To, wasan yana da daɗi, amma yana da cin kuɗi, kuma tsadar tana da dalili. Na farko, kome mutum ya gani a bisa dutse, daga burodi har iskar gas ta girki, daga ƙasa aka hau da shi, kuɗin dakonsa kuwa a kan mai saye ya ke faɗawa. Na biyu, masu kantuna da masu masauki wata huɗu ko biyar kaɗai su ke ciniki sosai, a ciki kuwa su ke neman abin da zai riƙe su shekara. Na uku, wanda yunwa ta kama a kan dutse cikin sanyi ba shi da wata kasuwar da zai koma ya taya. Saboda haka kaya na hawa, kuɗinsu na hawa.

Akwai wani direban bas a birnin Liyon na ƙasar Faransa, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku: babban namiji ne ɗan shekara goma sha uku, sai mace mai shekara goma, sai auta ɗan shekara huɗu. Ranar da gari ya yi garau, in mutum ya hau tudun birnin ya dubi gabas, ya kan hango Farin Dutse can nesa yana ƙyalli. Yaran nan sun sha hangensa, amma ba su taɓa taka shi ba. Kowace shekara in an komo daga hutun Fabrairu, abokan karatunsu na ba da labarin zamiya, su kuwa sai su yi tsuru-tsuru. Ran nan uban ya ga abin a fuskar babban, zuciyarsa ta karye, ya yi musu alkawari baɗi war haka za su je.

Da yara suka kwanta, sai matarsa ta dube shi ta ce, "Da wane kuɗin?" Ya ce, "Abu biyu ne ba zan yi ba. Ba zan saɓa alkawari ba, ba kuma zan ci bashi don wasa ba." Suka ɗauko takarda da fensir, suka jera abin da tafiyar za ta ci: masauki, da tikitin hawa kujerun waya, da hayar alluna da takalmansu, da tufafin sanyi, da man mota da kuɗin hanya, da abinci. Suka raba jimlar gida goma, suka buɗe asusu, kowane ƙarshen wata a zuba kashi ɗaya tun kafin a taɓa albashi. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko da suka duba shi ne lokaci. Kuɗin masauki ya fi tashi a makon sabuwar shekara da kuma hutun makaranta na Fabrairu. In an shiga Janairu bayan biki, ko ƙarshen Maris, sai ya sauko ƙwarai. Abokan aikinsa suka ba shi shawara ya tsame yaran daga makaranta mako guda cikin Janairu. Ya ƙi, ya ce arahar da za ta ci karatun yaro ta fi kowace tsada tsada. Saboda haka ya karɓi tsadar Fabrairu, ya nemi sauƙi ta wata ƙofa.

Ƙofar kuwa ita ce masauki. Akwai wani sanannen wurin zamiya da a ke kira Méribel, a bisa dutse kamar mita 1,450, kwana a can sai mai hannu da shuni. Amma a ƙarƙashinsa, cikin kwari, akwai ƙaramin gari Brides-les-Bains, wanda tsayinsa bai wuce kamar mita 600 ba. Nan aka sauki 'yan wasa sa'ad da birnin Albertville ya karɓi gasar Olimfik ta 1992, kuma albarkacin gasar aka ja waya mai akwatuna daga garin har Méribel, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Direba ya kama ɗaki da falo a wannan gari na ƙasa, tun da sauran watanni, ya tabbata kuma akwai murhu da tukwane a ciki. Ya ce dusar da mai kwana a sama zai taka ita zai taka, bambancin dai shi zai riga shi tashi da safe.

Tufafi kuma bai shiga kanti ya sayi sababbi ba. Da kaka ta yi, ƙungiyoyin wasan zamiya su kan ci kasuwar gwanjo, inda iyaye ke kawo kayan da suka yi wa 'ya'yansu kaɗan. Can ya samo riguna da wanduna masu hana ruwa, sauran kuwa aka aro wajen dangi. Alluna da takalma haya ya yi, gama sayen abin da za a mora kwana shida a shekara, ƙafar yaro kuwa kullum ƙara girma ta ke yi, ɓarnar kuɗi ne. Ya kama hayar tun yana gida ta intanet, aka yi masa rangwame. Wajen tikiti ma haka. Méribel ɗaya ne cikin kwaruruka uku da aka haɗe, hanyoyin zamiyarsu sun kai kilomita 600, kuma akwai tikitin da ya game su duka. Ya ce wanda bai iya tsayuwa ba me zai yi da kilomita 600? Ya yanki na kwari guda. Auta kuwa ba a karɓi kome a kansa ba, don bai cika shekara biyar ba.

Saura abinci, nan ne kuwa kuɗin baƙo ke zurarewa bai sani ba. Kuɗin masauki da na tikiti sau ɗaya a ke biya, mutum ya ji zafinsa ya san ya biya. Na abinci kuwa kaɗan kaɗan ya ke fita, shayi nan, burodi can, sai ranar komawa a duba aljihu a ga wayam. Uwargida ta yi lissafi: mutum biyar, ci uku a yini, kwana bakwai, ya zama kwano ɗari da biyar ke nan. Ta rubuta abin da za a ci kowace rana tun daga Asabar har Juma'a, don kada a sayi abin da za a zubar. Shinkafa da taliya da wake da mai da gishiri da ganyen shayi, daga gida ta ɗebo su. Ta dafa miya iri biyu ta daskarar, don daren isa da na kashegari, sa'ad da gajiya ba za ta bar kowa ya tsaya gaban murhu ba.

A wuraren nan yawanci daga Asabar zuwa Asabar a ke ba da hayar ɗaki, don haka ran Asabar hanya kan cushe da motoci. Suka yi asubanci suka riga cunkoso. Da suka kai Albertville, tun ba su fara hawa ba, suka tsaya a babban kanti suka sayi dankalin Turawa da albasa da ƙwai da madara da cuku da lemo na mako guda. Burodi kaɗai suka bari, shi a ke saye sabo kowace safiya.

Ga yadda yininsu ya ke. Da safe a ci a ƙoshi da abu mai zafi. Sa'an nan kowa ya saɓa 'yar jakarsa, a ciki akwai burodi da cuku da dafaffen ƙwai, da gyaɗa da dabino, da gorar ruwan famfo. Uban kuma ya riƙe fulas biyu, ɗaya shayi, ɗaya romo. Masu gidajen abinci na kan dutse ba su yarda mutum ya zauna a kujerunsu ya kwance guzurinsa ba, amma wuraren zamiya da yawa sun tanadi ɗaki mai ɗumi musamman don masu guzuri. In rana ta fito kuwa, ko kan benci ya isa. Da dare a komo a tarar da tukunya.

A rana ta biyu ne abin da uban ke tsoro ya auku. Suna zaune suna kwance ƙunshi, ga mutane can a barandar wani gidan abinci ana ta kai musu faranti yana tururi, sai babban yaron ya hango wani ɗan ajinsu a cikinsu. Ya juya baya, ya tura burodinsa cikin riga. Can ya ce, "Baba, mu me ya sa ba mu shiga can?" Uban bai yi faɗa ba, bai kuma ce babu kuɗi ba. Ya ja shi zuwa ƙofar gidan, inda aka manna takardar kuɗin abinci, ya ce ya haɗa na mutum biyar, sa'an nan ya riɓa shi sau shida. Yaron ya yi lissafi da bakinsa. Uban ya ce, "To, ka ga kuɗin nan? Shi ne malamin da ke koya maka da safe, shi ne allunan da ke ƙafarka. Zaɓi ɗaya, ka zauna can kwana biyu mu koma gida, ko ka ci burodi ka yi zamiya kwana shida." Yaron ya yi shiru, ya fito da burodinsa ya cinye.

Kada mai karatu ya zaci direban nan marowaci ne. Akwai abu huɗu da bai taɓa neman ragi a kansu ba. Ya biya malami ya koya wa yaran yadda a ke tsayawa da yadda a ke faɗuwa, gama wanda ya koya da ka ya fi kusa da karaya. Ya yi wa kowa hayar hular kwano, ya sayi tabarau da man shafawa, don farar dusa tana mayar da hasken rana ga ido da fata har ta ƙona su. Ya sayi sarƙar taya, wadda tun 1 ga Nuwamba 2021 doka ta wajabta ta, ko tayar hunturu, a garuruwan duwatsu da aka ayyana, daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris. Na huɗu, ya ƙara 'yan Yuro kaɗan a kan kowane tikiti ya yanki inshora.

Wannan na ƙarshe shi ne maƙwabcin ɗakinsu ya yi masa dariya a kai, ya ce kuɗin banza ne. A Faransa kuwa, in mutum ya ji rauni a kan hanyar zamiya, masu ceto za su zo su sauko da shi, amma ba kyauta ba. Kuɗin ya kan kai ɗaruruwan Yuro, in har sai da jirgi mai saukar ungulu ya zo, ya shiga dubbai. Ran Laraba maƙwabcin nan ya gurɗe a gwiwa, aka jawo shi a kan makarar ceto, takardar biya ta biyo baya. Abin da ya tsimi a mako duka bai kai rabinta ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Ba a kuma hana yara daɗi ɗungum ba. Tun a gida an ware kuɗin dare ɗaya. Ran Juma'a suka yi ado suka shiga gidan abinci a gari, aka kawo musu abincin mutanen duwatsu, watau cuku da a ke narkawa a kwarara a kan dafaffen dankali. Suka roƙi ruwan famfo, wanda a ƙasar kyauta a ke ba mai cin abinci. Da ya ke sau ɗaya aka yi, har yau yaran ba su daina zancen daren nan ba. Da kullum a ke yi, da ya zama tuwon gida.

Kashegari suka kama hanyar Liyon, ba mai bin su ko anini, har da ɗan canji a asusu, aka bar shi ya zama irin na baɗi. Yarinyar, wadda ta fi kowa tsoro ran farko, ita ce ta fi kowa iyawa.

Mutum ko bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, in dai ya taɓa barin gida da iyali, ya san irin wannan lissafi. Marowaci kome ya ke yankewa, har abin da zai tsare ransa. Almubazzari ba ya yanke kome, sai ya komo gida ya shekara yana biyan daɗin mako guda. Mai tattali kuwa zama ya ke yi tun da wuri ya rarrabe, ya san abin da ya je nema, ya biya shi cikakke, ya rage a kan abin da ido kawai ke so. Allah Ya ba matafiyi guzuri mai albarka, Ya komo da shi gida lafiya, amin.