Kyamarar Mahaifina da Sauran Takwas

A shekarar 1976 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sauke farali, ya dawo da irin tsarabar da alhazan wancan zamani suka saba dawowa da ita: dabino da zamzam da tasbaha da darduma. A can ƙasan akwatin kuwa akwai wata baƙar jakar fata wadda ya ce wannan tasa ce, ba ta rabo ba ce. Cikinta kyamara ce ƙirar ƙasar Japan mai suna Yashica Electro 35 GSN, wadda ya saya a wani kanti a Jidda. Da ita aka ɗauki hoton sunan ƙanwata, da na ranar saukata, da na kakata tana kare fuska da mayafi domin ita ba ta yarda da hoto ba. Ban taɓa riƙe wannan kyamara ba sai bayan rasuwarsa a 2009, ranar da mahaifiyata ta ciro ta daga adaka ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, kai ne mai son tarkace."

Tarkacen kuwa ya hayayyafa. Yau guda tara ne a cikin kabad ɗina, dukkansu 'yan Japan, dukkansu masu cin fim, kuma dukkansu daga dangi ɗaya, wato kyamarori masu auna nisa.

Ya kamata in bayyana abin da ake nufi da auna nisa, domin wanda ya tashi da wayar hannu bai san cewa an taɓa yin zamanin da mai hoto ke saita nisa da hannunsa ba. Mai karatu ya ɗaga yatsa a gaban fuskarsa, ya rufe idon dama ya duba, sannan ya rufe na hagu ya sake dubawa. Zai ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma gwargwadon kusancinsa da fuska, gwargwadon girman tsallen. A kan wannan dabara aka gina irin wannan kyamara. Tana da tagogi biyu a goshinta, da 'yar tazara a tsakaninsu. Idan mutum ya leƙa, zai ga wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiya, inda abin da yake son ɗauka ya rabu biyu, kamar yadda mai jiri ke gani. Sai ya riƙa murɗa zoben da ke jikin gilashin gaba har siffofin biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Da zarar sun haɗu, nisa ya daidaita, hoto zai fito garau.

Jamusawa ne suka fara cin kasuwar wannan fasaha. Kamfanin Leitz ya fitar da Leica II a 1932, Zeiss Ikon kuma ya fitar da Contax a wannan shekarar. Japanawa sun shigo ne a matsayin masu kwaikwayo, ba su kuma ɓoye hakan ba: Canon ta farko da aka sayar a tsakiyar shekarun 1930 ta bi sawun Leica, gilashinta ma na aro ne daga kamfanin Nippon Kogaku, wanda bai yi tasa kyamarar mai suna Nikon ba sai 1948. A wancan lokaci, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kayan Japan ba su da wata daraja a idon duniya. Labarin ya fara sauyawa a 1950, lokacin da wani mai hoto na mujallar Life ta Amurka, David Douglas Duncan, ya ga wani hoto da abokin aikinsa Jun Miki ya ɗauka a Tokyo da gilashin Nikkor. Kyan hoton ya ba shi mamaki, har ya nemi irin gilashin ya ɗaura a kan Leica ɗinsa, ya tafi da shi fagen yaƙin Koriya. Hotunan da ya aiko ne suka sa 'yan jarida suka waiwayi Japan. A 1954 kuma aka kafa wata hukuma a ƙasar domin duba kyamarorin da za a fitar waje, wadda ke manna ɗan tambari mai launin zinari a jikin duk wadda ta ci jarrabawa. Har yanzu tambarin na nan a kan kyamarar mahaifina, sai dai ya koɗe.

Manyan kyamarorin ƙwararru na wannan dangi, irin su Nikon SP ta 1957, sun fi ƙarfin albashin malamin makaranta, a da da yanzu. Zamaninsu ma bai yi tsawo ba, domin a 1959 aka fitar da Nikon F, mai madubi a ciki, wadda mutum ke leƙawa ta cikin gilashin gaban kansa, ƙwararru kuma suka koma gare ta. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Kamfanonin Japan suka mayar da fasahar auna nisa ga talaka, suka riƙa ƙera ƙananan kyamarori masu gilashi ɗaya da ba a cirewa, masu sauƙin kuɗi, amma gilashin nasu na gaske ne. Canonet ta fito a 1961, Minolta Hi-Matic a 1962, Yashica Electro 35 a 1966, Konica C35 a 1968, Olympus 35 SP a 1969. Wata Hi-Matic ce, ɗauke da sunan Ansco, ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya tafi da ita sararin samaniya a watan Fabrairun 1962. Waɗannan su ne kyamarorin biki da suna da yawon buɗe ido na duniya baki ɗaya, kuma ta wannan ƙofa ce ɗaya daga cikinsu ta shigo gidanmu.

Na fara tara su ne bisa kuskure. Kyamarar mahaifina ta ƙi aiki yadda ya kamata, sai na sayi wata irinta ta intanet domin in cire kayan gyara. Da ta iso na ga ta fi tawa lafiya, na kasa farke ta. Daga nan na karanta cewa Canonet G-III QL17 ta 1972 ta fi Yashica, na saye ta. Na karanta cewa Olympus ta fi Canonet, na saye ta. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani mai sayarwa ya rantse mini a rubuce cewa gilashin Konica ɗinsa tas yake, da ta zo na haska tocila a ciki na ga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo. Kuɗin wata guda na cefane ke nan ya tafi. Ranar maiɗakina ta tsaya a bakin kabad, ta ƙirga su da yatsa, ta ce, "Malam, to a cikin waɗannan wace ce ta fi? Ka faɗa mini, sai a sayar da sauran." Na buɗe baki in amsa, na ga ba ni da amsa sai abin da na karanta a wurin wasu.

Saboda haka na ɗaura niyyar gwada su da kaina, tunda gani ya kori ji. Na zaɓi huɗu: Yashica mai lafiyar, da Canonet, da ƙaramar Olympus 35 RC ta 1970, da Canon P ta 1959, wadda ita ce mafi tsada a wurina. Na sa musu fim iri ɗaya, baƙi da fari, na ɗauki abubuwa iri ɗaya a yammaci guda: katangar makaranta, da mai shayi a bakin titi, da bishiyar darbejiya, da ɗana yana gyaran keke. Na wanke fim ɗin da kaina da dare, ina jefa ƙanƙara a ruwan maganin domin ya sauko digiri 20, wanda shi ne zafin da aka saba wanke irin wannan fim a kai. Da aka buga hotunan, maiɗakina ta rubuta sunan kowace kyamara a baya, ta cakuɗa su, ta shimfiɗa a tabarma, ta ce in tantance.

Na ji kunya. A hotunan da aka ɗauka da rana, inda aka tsuke ƙofar haske, ban iya raba ɗaya da ɗaya ba, har hoton da na rantse na Canon P ne ya zama na Yashica. Sai a hotunan gab da magariba ne bambanci ya ɗan bayyana, domin ƙofar hasken Olympus ba ta wuce 2.8, ta Yashica da Canonet kuwa tana buɗewa har 1.7, kuma a wannan lissafi ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ban da wannan, shekaru na yi ina muhawara da kaina a kan abin da idona ba ya iya gani.

Bambancin da na samu yana wurin riƙo da aiki, musamman a kan abin da kowace kyamara ta bar wa mai ita ya yanke. Abu biyu ne ke tantance hasken da zai shiga fim: faɗin ƙofar, da kuma tsawon lokacin da ƙyauren zai kasance a buɗe. Yashica tana barin mutum ya zaɓi faɗin ƙofa, ita kuma ta zaɓi lokaci, ba ta kuma gaya masa abin da ta zaɓa. Abin da kawai take yi shi ne ta kunna jan kibiya idan haske ya yi yawa, ko mai ruwan ɗorawa idan ya yi kaɗan har hannu zai iya girgiza hoton. Tana da nauyi, kusan giram 750, amma a cikin duhu ba ta da tsara, domin tana iya riƙe ƙyaure a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa har sai haske ya isa. Canonet akasin haka take yi: mutum ya zaɓi lokaci, ita ta zaɓi ƙofa, ta nuna masa da allura. Idan ta ga hoton ba zai yi ba, sai ta ƙulle maɓallin ta hana ɗauka, halin da ke tuna mini da wani shugaban makaranta da na taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Amma tana da gaskiya, domin in mutum ya so yana iya karɓe ragamar duka. Olympus 35 RC tana shiga aljihun riga, kuma ita ce ke nuna ƙofa da lokaci duka a cikin tagar leƙe. Canon P kuwa ba ta da ma'aunin haske, ba ta da batir, ba ta ba da shawara. Wanda ya yi kuskure da ita ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. A cikin huɗun ita na fi girmamawa, Olympus na fi ɗauka in fita da ita.

Akwai wani gwajin da ba ni na shirya shi ba, lokaci ne ya shirya shi. Yawancin waɗannan kyamarori an yi su ne domin batir mai zaiba, wanda aka daina yi saboda gubar da ke cikinsa. Amurka ta hana sayar da irinsa a 1996. Na Canonet da Olympus ƙarfinsa bolt 1.35 ne, wanda ake samu a kasuwa yanzu kuwa 1.5 ne, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa ma'aunin haske ya yi ƙarya. Dabarar da ake yi ita ce a sa batirin na'urar taimaka wa ji, mai bolt 1.4, sai dai ba ya daɗewa. To amma su biyun ƙyaurensu na ƙarfe da waya ne, ko babu batir suna aiki. Yashica, wadda ta yi tinƙaho da lantarki a zamaninta, idan babu batir gudu ɗaya kawai ya rage mata. Sosan da ke hana haske shiga ta bayan kyamara shi ma yana narkewa ya zama kamar kwalta, dole a kankare a sa sabo. Damina tana kawo fumfuna, hunturu yana cusa ƙura. Kyamarar da aka ajiye ba a taɓawa kuma man da ke cikinta yana daskarewa, ta fi wadda ake aiki da ita saurin mutuwa. Kamfanonin ma ba su tsira ba: Kyocera, wanda ya sayi Yashica a 1983, ya bar yin kyamara a 2005, Konica Minolta ya bi baya a 2006. Babu inda za a rubuta a nemi kayan gyara.

Duk wannan lokaci kyamarar mahaifina tana kwance. Daga baya na gano ciwonta. A cikin kowace Electro 35 akwai wata 'yar roba mai kaurin kusan milimita biyu, wadda ke tura sandar lantarki zuwa mazauninta. Idan ta ruɓe, kyamara sai ta rikice, shi ya sa masu gyara suka yi mata laƙabin da za a iya fassarawa da "matashin ajali". Alamar lafiyarta ita ce wata ƙara, ƙwas, da ake ji duk lokacin da aka ja fim. Ta mahaifina shiru take yi. Na san maganin, amma na shekara biyu ina tsoron buɗe ta, domin sauran takwas ɗin in sun lalace kuɗi ne ya tafi, wannan kuwa babu inda zan sayo wata.

A ƙarshe na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, tare da zanen cikinta da na buga. Ya juya ta, ya sa tabaransa, ya ce, "Malam, ni ban taɓa buɗe irin wannan ba." Na ce, "Baba, ni ma haka, amma hannunka ya fi nawa natsuwa." Ya cire murfin sama, ya kankare ragowar tsohuwar robar da bakin allura, ya yanko sabuwa daga wani guntun roba mai tauri, ya gwada kaurinta sau uku kafin ya manna. Aikin ya ci mu daga hantsi har azahar, ina riƙe masa tocila. Da gam ya bushe ya mayar da murfin, ya miƙo mini, ya ce in ja.

Na ja, ta ce ƙwas.

Da yamma na tafi da ita gidan mahaifiyata, na sa fim, na ce ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke faɗowa. Ta gyara mayafi tana mita cewa ta tsufa da hoto. Na leƙa, na murɗa zoben har fuskokinta biyu suka zama ɗaya, na danna, na ja fim ɗin. Ta ɗago kai da sauri, ta ce, "Haka take yi a hannun babanku."

Na sayar da uku daga cikin takwas ɗin a bara, har da Konica mai fumfuna, wadda na gaya wa mai saye ciwonta tun kafin mu yi ciniki. Sai dai kafin shekara ta ƙare na sake sayen uku, kuma maiɗakina ba ta daina ƙirgawa ba.