Alƙalamin Haya

Malamin da ya fere alƙalaminsa na kara, ya dafa tawadarsa da kansa, ba ya fargabar wani zai zo masa a ƙarshen shekara ya ce sai ya sake biya kafin ya ci gaba da rubutu. Haka ma wanda ya sayi tafireta. Muddin akwai takarda da zaren tawada, tana nan tana aiki har magada su gaje ta. Mu kuwa masu nazarin Hausa a yau, kusan duk abin da muke samarwa, tun daga takardar taron ƙara wa juna sani har zuwa kundin digiri na uku, ta cikin manhajar kwamfuta yake bi, kuma da yawa daga cikin manhajojin nan haya ake ba mu su. Na daɗe ina lura da cewa a sassanmu mukan kwashe awa biyu muna muhawara a kan raba kalma ko haɗe ta, amma da wuya a ji an ta da zancen abin da muke rubuta kalmar da shi, ko nawa yake ci mana, ko wa zai iya buɗe rubutun bayan shekara ashirin. Wannan hukunci mun bar wa mai shagon da ya sayar mana da kwamfutar. Abin da ya loda, shi muke amfani da shi.

Ni dai idan aka kawo mini manhajar rubutu, ba na fara tambayar kuɗinta. Nakan buga kalmomi uku: ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarɓashi. Daga nan sai in ɗora alamar tsawo a kan wasali, in ƙara alamar karin ƙasa a kanta, kamar yadda Paul Newman ya yi a nahawunsa na shekarar 2000, in ga ko alamomin biyu za su zauna ɗaya bisa ɗaya ko za su cakuɗe su zama ɗigon tawada. Sai in rubuta 'ya'ya a farkon jimla, in ga ko manhajar za ta juya waƙafin saman ta mai da shi alamar buɗe zance. Sai in adana, in rufe, in kai fayil ɗin wata kwamfutar in buɗe. Manhajar da ta tsallake waɗannan ita ce za mu zauna mu yi ciniki da ita. Masu tallar manhaja suna lissafa abubuwa ɗari da take iya yi, amma babu ɗaya daga cikin huɗun nan a jerinsu, domin ba da mu aka yi lissafin kasuwar ba.

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu sai ta tarar da mu kamar ba mu taɓa samun su ba. Wasu suka riƙa bin takarda da biro suna lanƙwasa ƙugiya bayan an buga, wasu suka koma sa waƙafin sama. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffa masu ɗauke da ƙugiya, kuma duk wanda ya rubuta kundi a wancan lokaci ya san irin sauƙin da wannan aiki ya kawo. Dabarar da zamanin ya ba da dama ita ce a ari gurbin wasu haruffa da alamomin da Hausa ba ta amfani da su, a zana namu a ciki. Ka danna q, ido ya ga ƙ; ka danna x, ido ya ga ɗ; ka danna v, ido ya ga ɓ. Amma a cikin ƙwaƙwalwar na'urar q tana nan a q ɗinta. Shi ya sa idan fayil ya faɗa kwamfutar da ba ta da zubin, sai a ga qasa da xaya da vangare, ko kuma baka-biyu da wasu alamomi tsaye a inda baƙaƙe suke.

Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda muke sa 'y. Matsalar ta warware a ƙa'ida tun da daɗewa. A aikace kuwa, har yau akwai mujallu da sassan da suke shardanta wa marubuci tsohon zubi, kuma akwai dubban shafukan bincike da suke kwance a cikinsa. Wanda ya nemi kalmar ƙarangiya a intanet ba zai ci karo da maƙalar da ta rubuta qarangiya ba. Wanda ya zuba waƙoƙi ɗari a cikin AntConc, manhajar ƙirga kalmomi da Laurence Anthony na Jami'ar Waseda yake bayarwa kyauta, zai ga kalma ɗaya ta rabu gida biyu ko uku gwargwadon zubin da masu bugawa suka yi amfani da shi. Gyaran ma yana da nasa tarko. Idan aka ba na'ura umarnin ta maye kowace v da ɓ, kowace x da ɗ, ba tare da an keɓe Ingilishin da ke cikin takardar ba, sai a wayi gari da Oɗford Uniɓersity a jerin manazarta. Mai karatu ya sha ganin wannan, na tabbata.

Na tsaya a nan da gangan, domin wannan shi ne farashin da ba a rubuta shi a rasit. Yanzu sai wanda ake rubutawa.

A da, mutum yakan sayi manhaja a faifai, ya biya sau ɗaya, ya yi shekaru yana aiki da ita. A 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin manyan manhajojinsa ta wannan hanya, ya koma biyan wata-wata ko shekara-shekara. A shekarar ce kuma Microsoft ya buɗe wa masu amfanin gida tsarin haya na Office 365, wanda aka sauya wa suna zuwa Microsoft 365 a 2020, ko da yake shi bai rufe ƙofar sayen dindindin ba, tun da ya fitar da Office 2021 da kuma Office 2024. Hujjar masu tsarin haya ba ta banza ba ce: ana toshe kafofin ɓarayi a kai a kai, ana ba da ma'ajiya a intanet, kuma biyan farko ba shi da nauyi. Sai dai ranar da haya ta ƙare, manhajar takan bar ka ka karanta abin da ka rubuta, ka buga shi a takarda, amma ba za ka gyara ko harafi ɗaya ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ga malamin jami'a a Nijeriya akwai ƙarin wani nauyi. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni na shekarar, ba a kai ƙarshen Fabrairun 2024 ba sai da ta haura 1,500. Manhajar da ake biya wa dala 100 a shekara ta tashi ke nan daga naira 46,000 zuwa fiye da 150,000, alhali ba a ƙara mata komai ba, albashi kuma bai bi sawu ba. Kafin wannan ma, a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, har ya zamanto mai niyyar biya da halalinsa ba shi da hanyar biya. Takwaranmu na Yamai ko Damagaram yana da nasa matsalolin, amma sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, saboda haka manhajar da aka yi wa farashi da yuro zai iya yi mata kasafin baɗi tun bana.

Kowa ya san yadda aka saba cike wannan giɓi. Kwamfutar gwanjo takan zo da komai a lode, ba a tambayi lasisi ba, ba a ba da shi ba. Ba na kiran ɗalibin da ya tsinci kansa a haka ɓarawo. Farashin da aka yanka ba a yanka shi da aljihunsa a zuci ba. Amma mu malamai muna da abin dubawa. Mu ne muke rubuta maƙalu a kan yadda satar fasaha ta durƙusar da marubutan adabin kasuwar Kano da masu shirya finafinai, sannan mu buga maƙalun da manhajar da aka fasa wa kwado. Ko an ajiye batun kunya, akwai na hatsari. Manhajar da aka fasa sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin ta shiga, kuma ba ta karɓar gyaran tsaro daga masu ita. A cikin irin wannan na'ura ake ajiye hirar da aka yi da tsohon makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya, wadda babu kwafinta ko'ina.

Akwai kuma lasisin da wasu jami'o'i suke samar wa ma'aikata ta adireshin imel na makaranta. Alheri ne, a karɓa. A dai tuna cewa yana tafiya ne da kujerar, ranar da aka yi ritaya ko aka sauya wurin aiki ana iya rufe shi da duk abin da aka tara a ma'ajiyarsa.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na lissafa kayan aikina shi ne, waɗanda suka fi kusa da ainihin sana'armu duk kyauta ne. Praat, da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, da ita ake auna karin sauti da tsawon wasali. ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen da ita ake daidaita rubutu da murya ko hoton bidiyo. Zotero tana tsara manazarta. Keyman tana ba da allon bugawa, ko da yake Windows ma tana da tsarin Hausa a cikinta, wanda mutane da yawa ba su taɓa kunnawa ba. Zubin Charis SIL da Doulos SIL suna ɗaukar alama bisa alama ba tare da sun cakuɗe ba, kuma ga mai aikin ajami akwai Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da Harmattan. Ba a nemi sisin kwabo a kan ko ɗaya ba. Inda kuɗi yake fita shi ne wurin da ya fi kowane zama gama-gari, wato manhajar buga rubutu.

A nan ma akwai LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, kuma wata gidauniya mai mazauni a Jamus take kula da ita. Da ita nake yin mafi yawan rubutuna na farko, kuma ta ci jarrabawar nan tawa. Amma ba zan yaudari abokan aiki in ce ba ta da aibi ba. Idan takarda ta fara kai-komo tsakanin marubuta biyu da edita da mai tantancewa, kowa yana sa alamomin gyara da sharhi a gefe, kowa kuma da irin manhajarsa, to jadawali yakan goce, lambobin misalai sukan rikice, fassarar kalma-da-kalma da aka jera a ƙarƙashin jimla takan zame daga muhallinta. Ga mai nazarin ginin jimla wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda wannan dalili kaɗai na sayi Word irin ta biya sau ɗaya, na san kuma tana da wa'adi, tun da an daina tallafa wa Office 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10. Duk da haka na fi son wa'adin da na sani tun ranar saye a kan kuɗin da canjin dala zai yanka mini kowace shekara. Ragowar abin da zan kashe a haya na sa shi a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofis, da batirin da zai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Kowane aikin da na kammala kuma ina ajiye shi iri uku: yadda na rubuta shi, da PDF, da tsuran rubutu na Unicode wanda kowace na'ura za ta iya buɗewa.

Wannan zaɓina ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba na ganin zaɓin mutum ɗaya ne shi ne sharuɗɗan da muke gindaya wa ɗalibai. Idan sashe ya ce kundi sai da manhaja kaza, ko nazarin alƙaluma sai da SPSS alhali jamovi da R suna yin aikin kyauta, to ya tura yaro ɗayan wuri biyu: ko ya biya abin da ba shi da shi, ko ya je a loda masa ta bayan fage. Abin da ya kamata a shardanta shi ne sakamako, wato haruffan Unicode da fayil da kowa zai iya buɗewa, a bar masa hanyar.

Wani abu kuma da kuɗin hayarmu bai taɓa saya mana yadda muke so ba shi ne mai duba ƙa'idojin rubutu. LibreOffice tana aiki da wani tsari mai suna Hunspell, wanda bai wuce fayil biyu ba: jerin kalmomi, da jerin ƙa'idojin ɗafi. Jerin kalmomi muna da tushensa a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, in an sami izinin masu haƙƙi. Wahalar tana wajen ɗafin, domin jam'in Hausa ba ya bin hanya ɗaya, kuma ajin aikatau bakwai da Parsons ya tsara sai an zauna an fayyace wa na'ura wane aikatau ne yake shiga wane aji. Mai ilimin kwamfuta ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Aikin masu nazarin ginin kalma ne, kuma ya kai girman kundin digiri na biyu guda biyu ko uku idan wani sashe ya yarda ya raba shi tsakanin ɗalibansa, aka kuma amince tun farko a kan wace daidaitacciyar ƙa'ida za a bi wajen raba kalma.