Abin da Ruɓewar Citta Ta Koya Mini

A daminar 2023 ganyen cittata ya fara yin rawaya tun ana tsakiyar ruwa. Na tona gindi ɗaya, sai cittar, irin tafin giwa, ta narke a hannuna, ga wari. Ba ni kaɗai ba ne. Daga Kachia zuwa Kwoi, Kagarko har nan Kafanchan, kowa kukan da yake yi ke nan. Sau uku ina feshi, sau uku ruwan sama yana wanke kuɗina.

Ƙanena da ke karatun aikin gona a Jami'ar Jihar Kaduna, reshen Kafanchan, shi ya fara yi mini zancen fasahar nano. Ya ce, "Yaya, ka kasa mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ma ya kai wajen nanomita 80,000." Idan aka mayar da jan ƙarfe, wanda dama yana cikin magungunan feshi, ya zama ƙanana haka, ya fi kama ganye, kaɗan kuma ya isa. Akwai ma dabarar kulle magani cikin ɗan ƙwanso mai sakinsa sannu a hankali. Wanda ya ga ruwa ya tafi da maganinsa ya san darajar wannan.

Raina ya biya ƙwarai, har sai da na ji labarin Indiya. A 2021 kamfanin IFFCO ya fito da takin yuriya na nano, ya ce kwalbar rabin lita za ta tsaya a madadin buhu mai kilo 45. Da Jami'ar Aikin Gona ta Punjab ta gwada a kan alkama da shinkafa, amfanin gona raguwa ya yi. Tun daga nan na ɗaura niyya: duk kwalbar da aka kawo mini, ko me aka rubuta a jikinta, a kunya biyu zan fara gwada ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cutar tana cikin ƙasa da cikin irin da na saya a kasuwa ban duba ba, ni kuwa ina ta fama da ganye. Gefen da ruwa ke kwanciya shi ya fara ruɓewa.

Da shekara ta zagayo, masara na zuba a wannan gonar. Cittar na kai ta kan tudu, na yi wa ruwa hanya, irin kuma sai da na fasa na duba cikinsa kafin ya shiga ƙasa.