Ɗaurin aure sau biyu a Duwala

A Kano, idan aka sa rana, iyaye ne ke zaɓar malamin da zai ɗaura aure da wurin da za a taru. Wani gidan a ƙofar gidan kakan yarinya suke yi, wani a masallacin unguwa bayan an sauko daga Juma'a. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Amarya tana can cikin gida, guɗa ce ke kai mata labari.

Haka na tarar ana yi a unguwar Hausawa ta New Bell da ke Duwala, ba abin da ya ɓace. Sai dai da na zo bikin 'yar wana da ke zaune a Makepe, bayan an watse daga masallaci ya ce mini, "Ƙanena, kada ka yi saurin tafiya, saura na hukuma."

A nan zaɓin ba a hannun iyaye yake ba. Dokar rajistar jama'a da Kamaru ta kafa a 1981 ta ɗora ɗaurin aure a kan jami'in hukuma na wurin da ɗaya daga cikin ma'auratan yake zaune ko aka haife shi: magajin gari, ko mataimakinsa, ko jami'in wata ƙaramar cibiyar rajista. Gundumomin Duwala shida ne. New Bell tana ta biyu, Makepe tana ta biyar, saboda haka idan amarya tana Makepe ango yana New Bell, ofishi biyu ne a gabansu, su ɗauki ɗaya. Malamin da ya yi wa yarinya huɗuba ranar suna ba shi da kujera a can. Wata guda kafin ranar ake liƙa sanarwa a bango, domin mai ja ya fito ya ja.

A Najeriya ma akwai auren rajista, irin wanda ake cika ofishin Ikoyi na Legas dominsa. Amma dokar da ke bayansa, ta 1914, mace ɗaya tak ta yarda da ita, shi ya sa Musulmin Kano ba ya ko leƙa ƙofar. Kamaru ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Jami'i, da ɗamararsa mai kore da ja da rawaya, yana tambaya a bainar jama'a: monogami ko poligami? Wato mace ɗaya, ko ƙofa a buɗe? Abin da aka zaɓa shi ake rubutawa, kuma wanda ya sa hannu a kan mace ɗaya ba shi da damar ƙari muddin auren nan yana raye. Sannan a tambayi dukiya, haɗe ko rabe. Maganar da a gida ake nuƙu-nuƙu da ita shekara goma, a nan sai an gama ta kafin a shiga ɗakin taro. Na ji dattawan New Bell suna cewa abin bai dace da kunyarmu ba. Na fahimce su, amma ban bi bayansu ba, don na ga matan da kishiya ta faɗo musu kamar ruwan sama babu hadari.

Da yawa daga 'yan uwanmu a nan suna tsayawa a fatiha, suna ganin takarda aikin ma'aikatan gwamnati ce. Sai ranar da miji ya rasu, matar ta je neman fanshonsa a asusun CNPS, a ce ta kawo takardar aure. Shaidun masallaci, ko su ɗari ne, ba sa maye gurbinta. Wana ya ce abin da ya gani ke nan a gidan maƙwabcinsa, ya ƙudura ba zai aurar da 'ya ba sai da ita.

Ranar ɗaurin auren hukuma, 'yar tamu ta zauna kusa da angonta, shaida ɗaya ta ɓangarenta, ɗaya ta nasa. Jami'in ya kira cikakken sunanta, ya tambaye ta ko ta yarda. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru, irin shirun da a gida ake ɗauka amsa. Bai rubuta komai ba. Ya ajiye alƙalami ya jira, sai da ta ɗago ta amsa da bakinta.